Mudu Biyu a Awon Kishin Ƙasa: Me Ya Sa Laifin Namu Ba Ya Zama Laifi?

Wane ne mai kishin ƙasa, kuma da wane mudu ake auna shi? Tambayar nan ba ta kwana. Ɗan siyasa ya tafi jinya Landan, ko ya soki gwamnati a gaban Turawa, ko ya mara wa zanga-zanga baya, ko ya sauya sheƙa, kafin la'asar gari ya rabu biyu a rediyo da Facebook. Waɗannan su ce ya ci amanar ƙasa, waɗancan su ce ai kishin ne ya motsa shi. Abin da ba a cika lura da shi ba, in ka waiwaya shekara biyar ko goma, za ka tarar an taɓa yin wannan gardamar, da mutanen nan dai, sai dai kowa yana tsaye ne a inda abokin gardamarsa yake yau.

Kwanakin baya a teburin wani mai shayi a Tudun Wada, nan Zariya, wani magidanci ya ɗaga murya yana cewa duk mai kiran a fito kan titi saboda tsadar man fetur maƙiyin Najeriya ne. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya ajiye kofinsa ya dube shi.

"Ɗan nan, a 2012 ba kai ne ka zo gidana neman kwali za ku rubuta ba ku yarda ba?"

"Baba, ai wancan lokacin daban ne."

"Man ne daban, ko mai sayar da shi?"

Magidancin ya yi ta juya cokali a shayinsa, bai ce komai ba. Na san shi, ba maƙaryaci ba ne, kuma ba a ba shi ko kwabo don ya faɗi abin da ya faɗa ba. Da zuciya ɗaya ya yi maganar 2012, da zuciya ɗaya ya yi ta yau. Wannan ne ya sa lamarin ya cancanci a zauna a warware shi.

Ƙasa daban, gwamnati daban, jam'iyya daban

Kishi a Hausa shi ne ka ji zafi in an taɓa abin da yake naka, ka ƙi yarda a wulaƙanta shi. Kishin ƙasa ke nan: ka ji ciwon abin da ya sami ƙasar da mutanen cikinta, ka fifita maslaharsu a kan ta aljihunka. Ruɗanin yana farawa ne daga inda aka cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba. Ƙasa ita ce mutane da iyaka da dukiya da dokar da ta haɗa su. Gwamnati wasu mutane ne da aka ba riƙon amana na shekara huɗu. Jam'iyya kuwa motar haya ce da ta kai su wurin. Mai mulki yana son ka ɗauka cewa sukar sa sukar ƙasa ce. Ɗan adawa kuma yana son ka ɗauka cewa duk abin da zai kunyata gwamnati hidima ce ga ƙasa. Dukansu biyu suna cin riba da wannan cakuɗa.

Kundin tsarin mulkin 1999 bai bar maganar a duhu ba. Sashe na 23 ya lissafa kishin ƙasa cikin ɗabi'un da ake so ɗan ƙasa ya ginu a kai, tare da ɗa'a da riƙon gaskiya da adalci da haƙuri da addinin juna. Sashe na 24 ya faɗi wajibai: bin tsarin mulki, mutunta tuta da taken ƙasa da hukumomin da doka ta kafa, kare sunan Najeriya, mutunta haƙƙin sauran 'yan ƙasa, biyan haraji. Sashe na 39 da na 40 kuma suka ba da 'yancin faɗin albarkacin baki da na taro. Babu inda aka ce yabon shugaba wajibi ne. Cin amanar ƙasa kuwa laifi ne mai nauyi a doka, kotu ce ke tabbatar da shi da hujja, ba mai magana da yawun jam'iyya ba.

Abin da nake kira mudu biyu, duk wanda ya taɓa zuwa layin 'yan awo a kasuwar Sabon Gari ya san shi. Akwai mudun saye mai zurfi, akwai na sayarwa da aka bubbuga gindinsa. Aiki ɗaya ne, amma in ɗan jam'iyyarmu ya yi sai mu auna da wannan, in na waccan ya yi mu ɗauko wancan.

Ciwon ya girmi wannan jamhuriyar

A 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudiri a majalisar Legas cewa a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a gyara a ce sai lokacin da ya dace, don yana ganin Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin boko da za su riƙe nata kason. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, aka kira su 'yan koren Turawa. Wannan zafin yana cikin abin da ya haifar da tarzomar Kano a watan Mayun shekarar. Mu a nan har gobe muna ganin Sardauna hangen nesa ya yi, kuma muna jin haushin sunan da aka laƙaba masa.

To amma a cikin gida me aka yi? 'Yan jam'iyyar adawa ta NEPU, da aka kafa a Kano a 1950, su aka riƙa kira masu sayar da Arewa saboda ƙawancensu da jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, da marasa kunya masu raina sarakuna. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan, ta sha ɗauri da duka a kan wannan. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi, filin jirgin saman Kano kuma na Malam Aminu Kano, jagoran NEPU. Waɗanda aka zalunta da kalmar a Legas sun dawo gida sun yi amfani da ita a kan 'yan'uwansu.

Wani lokaci ma har asalin mutum ake taɓawa. A Janairun 1980, zamanin mulkin jam'iyyar NPN, aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na jam'iyyar GNPP a majalisar dokokin Borno, aka tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. A 2019 lauyoyin APC suka shaida wa kotun zaɓe cewa Atiku Abubakar ba haifaffen Najeriya ba ne, don Jada, garin da aka haife shi, tana ƙarƙashin Kamarun Ingila kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Wannan Atikun ya yi takarar fidda gwani a cikin APC a Disambar 2014, ba wanda ya tayar da zancen Jada. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ga irinta a 2020, da aka kai ƙarar ɗan takarar shugaban ƙasa Mohamed Bazoum a kan takardar zamansa ɗan ƙasa.

Man fetur: inda kowa ya yi harshen damo

Babu inda mudu biyu ya fito fili kamar nan. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Ƙasa ta tsaya cik. 'Yan adawar lokacin suka ce fitowa kan titi shi ne kishin ƙasa, Bola Tinubu ma ya yi dogon rubutu yana cewa shugaban ya karya alkawarin da ke tsakaninsa da talakawa. Magoya bayan PDP suka ce masu zanga-zangar 'yan zagon ƙasa ne da 'yan siyasa suka ɗauki nauyi. Daga baya aka sauko da lita zuwa naira 97.

A Mayun 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗaga lita daga naira 86 da kwabo 50 zuwa 145. Ƙungiyar ƙwadago ta kira yajin aiki, bai yi armashi ba, musamman a Arewa. Na tuna abin da ake faɗa a majalisun garin nan a lokacin: a yi haƙuri, Baba ba zai cuce mu ba, gyara ne mai zafi. Mutanen da suka hana kansu barci saboda naira 141 suka karɓi 145 da addu'a. Su kuma 'yan PDP da suka kare janye tallafi a 2012 sai ga su suna kukan talaka.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya tsaya a dandalin rantsuwa ya ce tallafi ya tafi. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Kuma a tuna, Atiku da Peter Obi duk sun yi alkawarin cire tallafin nan a yaƙin neman zaɓe. Ke nan manyan 'yan takara uku sun yarda da manufar, saɓaninsu a kan yadda za a yi ne da lokacin yi. Duk da haka a ƙasa an maida maganar ta masu kishi da marasa kishi.

Akwai waɗanda ba su sauya ba, kuma adalci ne a faɗa. Sanusi Lamido Sanusi ya kare cire tallafi a 2012 yana gwamnan Babban Banki, aka yi masa ca a Arewa, ya ci gaba da faɗin haka zamanin Buhari. Kana iya ƙin ra'ayinsa, amma mudunsa a kan wannan batu ɗaya ne.

Jinya a waje da kujerar majalisa

Da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Saudiyya a Nuwambar 2009 ya daɗe, 'yan adawa, har da Janar Buhari, sun nemi a ayyana cewa ba zai iya ci gaba da mulki ba. A 2017 Buhari ya yi kusan kwana 50 a Landan, ya dawo, ya sake komawa ya yi sama da kwana 100. Masu cewa ya dawo ko ya sauka sai aka ce fatan mutuwa suke masa. A ƙarshen Maris na 2021 ya tafi ganin likita Landan ana jibi likitoci masu neman ƙwarewa za su shiga yajin aiki. Wanda mahaifiyarsa ke kwance a asibitin koyarwa na Shika a wancan makon ya san abin da wannan ke nufi, ko wace jam'iyya yake. Yau kuma da yawa cikin masu kare tafiyar Buhari su ne ke ƙirga kwanakin Tinubu a Faransa.

Sauya sheƙa ma haka. A Oktobar 2014 Aminu Waziri Tambuwal ya bar PDP zuwa APC yana kakakin majalisar wakilai. PDP ta ce ya sauka, APC ta ce doka ba ta ce haka ba. A Yulin 2018 Bukola Saraki ya bar APC zuwa PDP yana shugaban majalisar dattawa. APC ta ce ya sauka, PDP ta ce doka ba ta ce haka ba. Ko kalmomin ba a canza ba.

Abin da Zariya ta gani da idonta

Nan ne maganar ta fi yi mini nauyi, don a nan ba kuɗin mai ake magana ba, rayuka ne. A Yulin 2014, zamanin Jonathan, sojoji suka harbe mutum fiye da 30 daga mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky a garin nan, har da 'ya'yansa uku. A Disambar 2015, zamanin Buhari, aka sake arangama, kuma kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya ji shaidar cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya. Gari ɗaya, gwamnati biyu. Ko kana tare da aƙidar mutanen nan ko kana adawa da ita, ko kana ganin sun yi laifin tare hanya ko ba ka gani, ka tambayi kanka wa ya yi magana a karo na farko ya yi gum a na biyu, wa kuma ya yi shiru a 2014 sai a 2015 bakinsa ya buɗe. Rahoton ƙungiyar Amnesty da ake ɗagawa a matsayin hujja lokacin ana adawa, shi ya koma makircin Turawa da aka hau mulki.

Sai Agustan 2024. Yunwa ta fito da matasa, wasu suka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna da wasu garuruwa, wasu ɓata-gari suka fasa shaguna. Ranar 5 ga wata aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. Washegari aka harbe wani yaro ɗan shekara 16 a Samaru, rundunar soji ta amsa cewa sojanta ne, ta ce ta tsare shi. A ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da waɗanda aka kama a gaban babbar kotun tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, cikinsu har da ƙananan yara, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da duniya ta yi ca sannan shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su.

Ni ban yarda da ɗaga tutar wata ƙasa ba. Kuskure ne, kuma na faɗa wa ƙannena haka a lokacin. Amma a sa yaron nan a mudu ɗaya da wanda ya kwashe dukiyar jama'a ya kai bankunan waje. Daga kuɗin da aka alaƙanta da Janar Sani Abacha, Suwizalan ta dawo da kimanin dala miliyan 322 a 2017, aka sake dawo da kimanin miliyan 311 a 2020 daga tsibirin Jersey. Har yau a majalisunmu akwai mai rantsuwa cewa ajiya ya yi wa ƙasa. Da ɗan wani yankin ne, ba na jin za mu kira shi ajiya.

Me ke jawo haka?

Na farko halin ɗan Adam ne, Bahaushe ya riga ya gama maganar: so hana ganin laifi, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya kwana a rumfar zaɓe yana kare ƙuri'ar wani, yarda cewa mutumin ya yi kuskure tamkar yarda ne cewa wahalarsa ta tafi a banza, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga zuciya.

Sai kuma yadda jam'iyyunmu suke. A zamanin NEPU da NPC, ko PRP da NPN, kana iya faɗin abin da ya raba su a kan haraji da jangali da ikon sarakuna. Yau mutum ya kwana a wannan jam'iyya ya tashi a waccan, manufa ba ta motsa ba. Inda babu aƙidar da za a yi gardama a kai, sai a koma kan wane ne nagari, wane ne mugu, kuma babu tambarin da ya fi saurin kamawa kamar a ce ba shi da kishin ƙasa. Yanki da addini su ƙara gishiri: in namu ne a sama, sukar sa ta zama tona asirin gida.

Akwai kuma masu cin abinci da abin. Sojojin baka a rediyo da 'yan soshiyal midiya da ake saya wa data, aikinsu kare ubangida ne ko me ya yi. Wanda ya ce "wannan ya yi daidai, wancan ya yi kuskure" a cikin rubutu ɗaya ba ya samun masu yaɗa shi, kuma ba ya samun na cefane.

Amma ba kowane sauyin baki ne son zuciya ba

Masu kare kansu suna da hujjar da ya kamata a saurara. Suna cewa yanayi yana canzawa: a 2012 gangar ɗanyen mai tana sama da dala 100, a farkon 2016 ta faɗo ƙasa da 40, don haka abin da gwamnati za ta iya ɗauka ba ɗaya ba ne. Suna cewa Buhari ya miƙa wa majalisa takarda mataimakinsa Osinbajo ya riƙe ƙwarya a 2017, alhali 'Yar'aduwa bai miƙa ba har sai da majalisa ta ɗora Jonathan a Fabrairun 2010. Wannan bambanci ne na gaske. Suna kuma cewa amana tana da tasiri, wanda ka yarda da gaskiyarsa za ka yi masa uzurin da ba za ka yi wa wanda kake zargi ba.

Na karɓi biyun farko. Na ukun ne ƙofar da ɓarna ke shigowa, don in amana ta zama dalilin daina tambaya, to an daina auna aiki ke nan, an koma auna fuska. Yadda za a gane mai sauyin gaskiya ba wuya: zai ce a da na ce kaza, yanzu na gane kaza, ga dalili, kuma waɗanda na zaga a kan wannan na zalunce su. Ɗan siyasa nawa ka ji ya ce wa masu kare cire tallafi a 2012 su yafe masa? Malamanmu suna karanta mana ayar Suratul Ma'ida da ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a ƙi yi musu adalci, da farkon Suratul Muɗaffifin a kan masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Mun taƙaita su ga kasuwa, alhali hukuncin da muke yanke wa mutane ma awo ne.

Kuɗin da talaka ke biya

Ɗan siyasar da ya san rabin gari zai kare shi ko me ya yi, ba shi da dalilin jin tsoron kowa. Wannan ita ce asarar farko, kuma a asibiti da aji da kuɗin mota take bayyana. Mai Keke Napep da ke jigila tsakanin Kwangila da Samaru lita ɗaya yake saye da wanda ya zaɓi gwamnati da wanda bai zaɓa ba. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da suka zauna gida wata takwas a yajin aikin malamai na 2022 ba a tambaye su katin jam'iyya ba.

Ta biyu, kalmar kanta tana lalacewa. In kowane mai suka maci amanar ƙasa ne, ranar da na gaskiyar ya bayyana, mai sayar wa 'yan bindiga makamai ko mai karkatar da kuɗin tsaro, sai jama'a su ɗauka siyasa ce kawai, shi kuma ya fake a nan. Ta uku, dokar da ka yi wa tafi don an murƙushe abokin hamayyarka ba ta san fuskarka ba. Waɗanda suka ji daɗin rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasunsu yau suna adawa, kuma da wayar nan kaɗai suke iya kai kukansu.

Sannan ga zumunci. Na san gidaje a cikin birni inda wa da ƙane suka daina cin tuwo a kwano ɗaya tun zaɓen 2015, wannan yana ce wa wancan maƙiyin Arewa. Manyan da suka yi faɗan dominsu kuwa tuni wasu suka haɗu a jam'iyya ɗaya, suka rabu, suka sake haɗuwa, ana ganinsu sahu ɗaya a ɗaurin auren 'ya'yan juna. Malam Nasiru El-Rufa'i, wanda ya mulki jihar nan ta Kaduna shekara takwas a APC, ya fice daga cikinta a Maris na 2025, kuma tun a makon aka ga masu yabonsa na jiya sun koma tonon asirinsa, masu zaginsa na jiya sun koma kiran sa jarumi. Ayyukan da ya yi daga 2015 zuwa 2023, masu kyau da marasa kyau, suna nan yadda ya bar su.